Jawabin da Rehnuma Ta Yi a Landan

Manchester, 11 ga Yuli, 1993

Khalu Mozammel,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida matarka, innata Khala Monowara. Da fatan hawan jininta ya sauka, kuma tana shan maganin, ba ɓoye shi take yi a ƙarƙashin matashi kamar bara ba. Yaya gwiwarka da daminar nan? Mu lafiyarmu ƙalau, sai gajiya. Maigidana Imtiaz kusan a asibiti yake kwana saboda ƙarancin likitoci. 'Yarmu Tuli kuwa haƙoranta na gaba sun zube, kowa ta gani sai ta buɗe masa baki ya gani.

Khalu, alfarma nake nema. Akwai wata ƙungiya ta 'yan kasuwa da manyan ma'aikata 'yan yankinmu, Indiyawa da 'yan Pakistan da mu 'yan Bangladesh, suna taron cin abinci a Landan duk Satumba. Bana sun ce ni zan yi jawabi a kan darussan aiki da yadda mutum ke kaiwa ga nasara, wai don ni kaɗai ce mace a cikinmu da ta kai manaja a kamfanin tufafin da nake aiki. Shugaban kamfaninmu, Mista Whitcombe, zai halarta. Kuma kujerar darakta ɗaya za ta buɗe a ƙarshen shekara, mu uku muke kallonta.

Na zauna da takarda har na gaji, ban rubuta komai ba. Ni duk abin da na sani game da shugabanci a gidanka na gan shi, shekarun da na zauna wurinku bayan rasuwar Abba. Ina tuna yadda kake fita tun kafin jiniyar masana'anta ta yi kuka, ka zaga wurin masu saƙar algarara kana kiran kowa da sunansa, ka dawo gashinka fari fat da ƙurar rama, Khala tana faɗa. Ka rubuto min abin da aikin nan ya koya maka. Na san ba za ka yi magana ta waya ba, kullum cewa kake mai haɗa layin ofishinku ya fi gidan rediyo kai labari.

Af, sababbin injunan lantarkin da ka daɗe kana roƙon masu kamfani a Dhaka, har yanzu shiru?

'Yarka,
Rehnuma


Khulna, 9 ga Agusta, 1993

Uwata Rehnuma,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta daɗe a hanya, ruwa ya ci titi a wajen Jessore. Khalarki tana gaishe ki. Maganin tana sha, amma rabi, wai cikakke yana sa ta jiri, kuma ta fi likitan sanin jikinta. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, in hadari ya haɗu sai ta riga kowa sani. Kifin ilish ya shigo kasuwa, jiya ta dafa, ta zauna tana cire ƙaya tana cewa da kina nan da ke za ki cinye ƙwan. A sumbaci Tuli, a gaida Dakta.

Kin nemi darasi. Da shekarun baya kika tambaye ni, da na cika miki takardu har ki biya kuɗin tara a gidan waya. Yanzu na tsufa, abubuwan da nake da tabbaci a kansu sun ragu. Amma taro ba ya son jin haka. Ki gaya musu su riƙa zuwa aiki da wuri, su san sunan mai shara, kada su yanke hukunci kafin su ci abincin rana. Za su tafa miki, su koma su ci gaba da abin da suke yi. Idan kina son wani abu na gaske, ga shi: duk wanda yake sama da ke yana jin tsoron wani, kuma yawancin umarnin da zai ba ki daga tsoron nan ya fito. Wannan kada ki faɗa a gaban Baturen naki.

Masana'anta tana nan. Sobhan Molla, shugaban ƙungiyar ma'aikata, kin tuna shi, mai jan gemun nan da ya taɓa ɗaukar ki a kafaɗa ranar wasan makaranta, har yau kullum sai ya hau benen ofishina ya sha shayina ya zage ni. Jiya cewa ya yi shayin ma ya rage sukari kamar albashi. Shugabar makarantar 'ya'yan ma'aikata kuma ta zo da maganar rufin da ke yoyo. Na ce mata to, kamar yadda nake ce wa kowa.

Kin tambayi injuna. Wannan magana ta ƙare, an yanke shawara a sama. In Allah ya kai mu Disamba bututun hayaƙinmu zai huta, ni ma in huta da hawa benen nan. Dhaka sun kira ni sau biyu a watan nan, kuma yanzu da shayi da biskit suke tarbata, har da kujera mai laushi. Ke mai hankali ce, ba sai na ƙara komai ba. Kada dai ki gaya wa Khalarki tukuna, ni zan zaɓi ranar da zan gaya mata.

Allah ya ba ki sa'ar jawabi da kujerar, in alheri ce.

Khalunki,
Mozammel Tarafdar


Manchester, 21 ga Satumba, 1993

Khalu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya kai da Khala, kuma ruwa ya janye. Ka ce mata ni na ce ta sha maganin cikakke. Ni mura ce ta kama ni tun dawowata daga Landan, muryata ta dushe, Tuli tana kwaikwayona.

Da farko barka, Khalu! Na karanta sakin layin nan na ƙarshe a tsaye a bakin ƙofa, na yi ta murna ni kaɗai. Ashe injunan sun samu. Ba sauran tukunyar gawayi, ba sauran hayaƙi, kai kuma a ƙarshe sun gane darajarka sun kira ka hedikwata. Ban gaya wa Khala ba, ba kuma zan ɓata maka shirinka ba, ka ba ta mamakinka da kanka.

Taro ya yi kyau. Waɗanda suka yi magana kafina maza ne masu agogon zinariya, kowanne ya ce ya sauka ƙasar nan aljihunsa wayam, har na fara tunanin ko a jirgi ɗaya aka yi musu sata. Da na tashi sai na ajiye takardar da na shirya, na ba su labarinka. Na faɗi zuwa da wuri da sunan mai shara. Na faɗi takalminka da ake kai wa baduku duk shekara. Sannan na ce ga ƙarshen haƙuri: a Disamban nan bututun masana'antarsa zai daina hayaƙi don injunan zamani sun iso, shi kuma an ƙara masa girma zuwa Dhaka. Khalu, mutane suka miƙe tsaye. Wata tsohuwa 'yar Gujarat ta riƙe hannuna tana hawaye. Mista Whitcombe ya ce min irin wannan mutum ne kamfani ke nema, kuma ya ga inda na gado.

Wakilin jaridar nan tamu ta mako-mako da ake bugawa da Bengali a Landan ya tambaye ni cikakken sunanka da na masana'antar, na ba shi. Ga shafin nan na yanko maka, har da hotona, ka ɓoye shi daga Khala.

Gaskiya na gaji. A jirgin ƙasa na dawowa na yi ta tunanin wai wannan ce nasarar, ƙafa ta kumbura, kai yana sarawa, gobe kuma taro da sassafe. Amma da na tuna kai ka yi shekaru fiye da nawa kafin a ba ka kujera mai laushi, sai na ji kunya.

'Yarka,
Rehnuma


Manchester, 14 ga Nuwamba, 1993

Khalu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ku. Mu muna nan ƙalau, sanyi ya shigo, Tuli ta yi tari ta warke.

Ban ji daga gare ka ba tun wasiƙar Agusta. Na buga wayar ofis sau da yawa, da fari tana ta ƙara ba a ɗauka, yanzu ko ƙarar babu. Imtiaz ya ce gidan waya ne, ko kuma kuna fama da haɗa kaya. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ko maganar takalmin ce ta ɓata maka rai? Wallahi don yabo na faɗe ta, ba don a yi maka dariya ba. Idan ita ce, ka yafe min.

Ka aiko min da adireshin Dhaka. Khala za ta sha wahalar hayaniyar garin, a samo mata gida mai ɗan fili ko don tukwanen barkononta. Zan aika wannan ta hannun yayanta a Jessore, na san shi ba ya motsi.

'Yarka,
Rehnuma


Jessore, 6 ga Disamba, 1993

Uwata,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni a inda kika aike ta, domin a gidan yayan Khalarki muke zaune yanzu, a ɗakin baya. Kada hankalinki ya tashi: Khalarki ta sami ɗan shanyewar hannun hagu a Oktoba, amma bakinta ya dawo daidai, tana tafiya, har ta fara yi wa matar gidan gyara a girki. Yanzu cikakken magani take sha. Ni lafiyata lau.

Maganar takalmi ba ta dame ni ba. Na daɗe ban rubuto ba ne domin na ji haushinki, ba zan ɓoye miki ba, kuma ban so in rubuta da haushi. Yanzu ya wuce, saura gajiya. Ga abin da ya faru.

Babu injuna, Rehnuma. Ba a taɓa sayen ko ɗaya ba. Tun watan Yuni masu kamfani suka yanke shawarar rufe masana'antar, don masu sayen buhu sun koma na roba. Suka sa na yi alkawarin yin shiru. Ni kuma na yi ta zuwa Dhaka ina ciniki da su da shirun nan: a bar mu mu yi aiki zuwa Disamba, a bar iyalai a gidajen ma'aikata har yara su gama jarrabawar ƙarshen shekara, a miƙa makarantar ga hukumar gari kada ta mutu. Sun kusa yarda, saura sa hannu. Shayi da biskit ɗin da na faɗa miki irin wanda ake ba mutum ne in ana so ya yi aikin da ba wanda ke so. Na ɗauka za ki gane.

Jaridar ta riga wasiƙarki isowa. Wani yaron Khulna da ke aiki a gidan abinci a Landan ya aiko wa ɗan'uwansa ita don alfahari. Aka karanta ta da ƙarfi a teburin mai shayi na bakin ƙofa. Su kuwa ma'aikata sun san ko akwati ɗaya na inji bai sauka a bakin kogi ba. Idan bututu zai daina hayaƙi babu inji, ma'anarsa ɗaya ce. Ƙarin girman kuwa suka ce shi ne ladan da aka biya ni.

Sobhan ya hawo bene da jaridar a hannu. Ranar bai zauna ba.

Ya ce, "Saheb, barka da ƙarin girma. Landan ta ji, mu da muke ƙarƙashin tagarka ba mu ji ba."

Na ce masa babu wani ƙarin girma, kuskure ne na yarinya.

Ya ce, "Na yarda. To bututun fa, shi ma kuskuren yarinya ne?"

Ya tsaya yana kallona, ya ba ni lokaci mai yawa, fiye da yadda na cancanta. Sannan ya sauka.

Kafin la'asar ma'aikata sun kewaye ofis. Maza a fili, mata da yara a kan matakala. Ba wanda ya taɓa ni, har ruwan alwala suna miƙo min ta taga, amma fita babu, kwana biyu. Khalarki tana gida ita kaɗai, ta ji labarin rufe masana'anta daga lasifika, tare da sunana da abin da ake haɗa shi da shi. Wani ya jefi tagar ɗakin girki. Washegari maƙwabciya ta same ta a ƙasa.

Masu kamfani suka ce ni na fasa sirri, don haka duk abin da muka tattauna ya rushe. Suka turo 'yan sanda, aka sa wa ƙofa kwaɗo a farkon Nuwamba, aka ba iyalai zuwa ƙarshen wata su fita. Na tsaya a bakin titi na ga ana ɗora gadaje da tukwane a kan kekuna. Yaran ba su zauna jarrabawa ba. Takardar sallamata kuwa ta gidan waya ta zo, ba wanda ya kira ni shan shayi.

Jiya na ce wa Khalarki ban san yadda kika karanta maganata a juye ba. Ta ce ai ni tun da ta aure ni nake magana kamar mai goro a baki, ita ma rabi take ji, rabi ta cika da kanta. Saboda haka ki raba laifin, ki bar min kaso mafi girma.

Khalunki,
Mozammel


Manchester, 16 ga Janairu, 1994

Khalu,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Khala? Imtiaz ya ce a riƙa sa ta matsa ƙwallon roba da hannun safe da yamma, kuma a rage mata gishiri ko za ta yi faɗa. Ni jikina lafiya, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Na ɗauko wasiƙarka ta Agusta na sake karantawa. Komai yana nan a fili. Abin da nake so in gani shi na gani, don ina neman ƙarshe mai daɗi da zan rufe jawabina da shi. Ba zan karɓi rabon da ka yi ba, amma ba ni da ƙarfin jayayya da kai. Ka yafe min, ka roƙa min Khala. Na je ofishin jaridar, sun buga gyara a wani lungu kusa da tallar tikitin jirgi. Na san ba zai mayar da kowa gidansa ba.

An ba ni kujerar, Khalu. Mista Whitcombe da kansa ya ce jawabin nan ne ya raba gardama. Aka kawo kek a ofis, na yanka, na yi murmushi, na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Ga aikin farko da aka ba ni. Muna da masana'antar ɗinki a Oldham, za a rufe ta, ɗinkin zai koma ƙasar waje. Yawancin masu ɗinkin matanmu ne na Bangladesh, 'yan Sylhet. Aka ce ni zan je in gaya musu ranar bakwai ga Fabrairu, wai ni na san yarensu. Ban tsaya bayyana musu cewa in 'yar Sylhet ta yi sauri ba na kama rabin maganarta ba. Kafin ranar kuma an ce kada in faɗa wa kowa.

Makon jiya na je wurin da sunan duba aiki. Wata dattijuwa, Rokeya Bibi, ta tashi daga kan kekenta ta shafa kaina, ta ce sun ga hotona a jarida, 'yarsu ta zama babba, yanzu suna da nasu a sama. Ta ciro wainar shinkafa daga jakarta ta ba ni. Na ci, Khalu, tana kallona na cinye.

Imtiaz ya ce in ajiye aikin. In na ajiye, wani za a aika, ya karanta musu takarda da Turanci ya shiga motarsa. To in gaya musu tun yanzu in karya alkawari, ko in yi shiru in gwada samo musu wani abu kamar yadda ka gwada? Wannan karon ba don jawabi nake tambaya ba. Ka amsa da wuri.

'Yarka,
Rehnuma


Jessore, 11 ga Fabrairu, 1994

Uwata,

Wa alaikumus salam. Khalarki tana samun sauƙi, ta fara riƙe kofi da hannun. Ƙwallon dai ta ba jikan yayanta. Ta ce in gaya miki ba ta riƙe ki da komai ba, kuma ta ajiye miki tulun zumar dabino ta bana, sai an sami mai zuwa. Yau ake duban watan azumi, likita ya hana ta, ana can ana rigima.

An yi yajin aiki a gari, wasiƙarki jiya ta iso. Ranar da kika faɗa ta wuce. Duk abin da za ki yi kin riga kin yi shi, kuma ban san wanne kika zaɓa ba. Wataƙila hakan ya fi, don ba ni da amsar.

Makon jiya na haɗu da Sobhan a tashar mota. Ya rame, yana hanyar Dhaka neman aikin gadi, iyalinsa suna ƙauye wurin surukai. Na ɗauka zai kau da kai, sai ya matsa min wuri a benci. Muka sayi shayi. Can ya tambaye ni me ya sa ban gaya masa tun Yuni ba, duk shayin da muka sha tare. Na ce na yi wa na sama alkawari. Ya ce su kuma fa, ba a yi musu ba? Sai na tambaye shi, da na gaya masa a Yuni, me zai yi.

Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Da tun Yuni na kulle ka a ofis, Saheb. Da yanzu an daɗe da mantawa da mu."

Muka yi dariya, mutane suna kallonmu, tsofaffi biyu marasa aiki. Motarsa ta zo ya shiga. Har yanzu ban san wanda ya yi daidai a cikinmu ba, ina jin shi ma bai sani ba.

Kada ki ajiye aikin don ni. In za ki ajiye, ki bari sai ranar da kika huta kika yi tunani da kanki.

Abu ɗaya kawai na tabbatar. Watannin nan da na yi ina ɗauke da maganar, kullum in na taso sai in sa direba ya tsaya a bakin kogi, in zauna a mota har magariba, don kada in shiga gida a tambaye ni yaya aiki. Khalarki tana can tana ɗumama abinci, tana zaton wani laifi ta yi min. Kwanan nan ta gaya min haka, kuma ya fi takardar sallama ciwo. Na san kwanakin nan ba za ki so ganin kowa ba. Duk da haka in kin iso ƙofar gida kada ki zauna a mota, ki kashe ta ki shiga. Imtiaz da Tuli ba su rufe masana'antar kowa ba.

Allah ya karɓi ibadarmu.

Khalunki,
Mozammel